Sarewar Zaitun ta Baba Ya'ƙub

"Khalas, ya Shehi. Cire ta daga bakinka."

"Baba, yanzu fa na fara."

"Minti biyar sun cika. Ga agogo."

Ya ɗago tsohon agogonsa da ya rasa maɗauri, ya nuna mini kamar mai tsaron jarrabawa. Na sauke sarewar a cinyata, raina a ɓace. Na bar littafina a buɗe a ɗaki, na kurkure baki sau uku kamar yadda ya sharɗanta, na sa kan sarewar a hammata ina ɗumama shi kamar kaza a kan ƙwai, duk don in hura sauti uku na ƙasa, dogaye, marasa daɗin komai. Kafin ma in ji abin da nake hurawa, an ce in tsaya.

"Goge cikinta. A hankali, ba bututun banɗaki kake wankewa ba."

Na goge, na tsayar da ita a kan turken da ya kafa mata a bakin taga. Shi kuwa tari ya turnuƙe shi, sai da na tallafe masa baya har ya lafa.

Baba Ya'ƙub maƙwabcinmu ne a hawa na huɗu, a wani tsohon gida a unguwar Hadayek el-Maadi a Alƙahira. Ƙofarsa na kallon tamu. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka taso daga ƙasar Katagum za su Makka, suka maƙale a gaɓar Nilu. Ya zo Alƙahira da sauran ƙarfinsa, ya samu aikin shara da dafa shayi a gidan wani Baturen Holan a Mohandessin. Baturen nan malamin kiɗa ne, yana da ɗaki guda cike da sarewu na katako da injin sassaƙa. An ɗauki Baba don ya share ƙurar ɗakin, ya ƙare shi ne a gaban injin. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa kayan aikin da tarin takardun awo, da su ya ci abinci shekara ashirin yana gyara wa mabusan Wustul Balad, tsakiyar birni, kayansu. Ƙurar katakon nan ce kuma ta cinye masa huhu. A shekarar da nake ba ku labari, 2013, ko ashana ba ya iya hurewa.

Ni kuwa sunana Nata'ala, ina karatun digiri na biyu a usulul fiƙhu. Na san abin da malamai suka faɗa a kan bushe-bushe, na san saɓanin da ke ciki har da lambar shafi. Da abokan karatuna sun gan ni da sarewa a baki, da na shiga uku da tsiya. Na gaya wa kaina wannan ba kiɗa ba ne, jinya ce. Matata Humaira ta ce ita dai ba ta taɓa ganin fatawar da mutum ya ba kansa ta yi masa tsauri ba.

Sarewar ba irin tamu ta Fulanin daji ba ce, ba kuma nay na Misirawa ba. Ta fi kamu ɗaya tsawo, ƙofofi bakwai a gaba, ɗaya a baya ta babban yatsa. A bakinta akwai toshe na wani itace mai ƙamshi irin na fensir, an bar 'yar siririyar hanya a samansa inda iska ke bi. Baba ya sassaƙa ta da itacen zaitun, a kan awon wata da ya ce ta haura shekara ɗari huɗu. Shekara biyu ya yi a kanta, ya gama ta a daidai lokacin da numfashinsa ya ƙare.

"Turawa rikoda suke ce mata," in ji shi ran da ya fara kirana. "Da can su ma gida-gida suke da ita, babba da ƙarama, uwa da 'ya'ya, a hura tare. Sai ɗakunan kiɗansu suka yi girma, suka koma wa wadda ake hurawa a kaikaice, don ta fi ihu. Wannan ba ta da ihu. Suka jefa ta a akwati sama da shekara ɗari, har waɗanda suka san sassaƙa ta suka mutu kaf. Jikokin jikoki ne suka je gidajen tarihi da ma'auni suna lalube. Na gyara ɗaruruwa, ya Shehi, amma wannan kaɗai na yi daga farko har ƙarshe. Ina so in ji ta har sama kafin in tafi."

"To kawo in hura maka har sama yanzu mana."

Ya dube ni kamar na ce a zuba gishiri a shayi.

Wai sabon katako bai san damshin numfashi ba, sai an saba masa. Satin farko minti biyar a rana, na biyu goma, na uku sha biyar, haka har sati shida. Kuma sautukan sama, waɗanda ake fitarwa da lanƙwasa babban yatsa a bar rabin ƙofar baya a buɗe, ba a taɓa su sai a satin ƙarshe. Ya koya wa yatsuna inda za su zauna, amma a bushe, ba hurawa. "Yatsu su koya, baki ya jira," haka yake cewa kullum har na tsani jin maganar.

Me ya sa sai ni? 'Yarsa Afra, wadda ita kaɗai ta rage masa, aikatau take yi a Mohandessin, tana fita da sassafe ta dawo da magariba a gajiye. Ko da tana gida ma ba za ta taɓa ba. Ta ce itacen da ya kashe mata uba ba zai shiga bakinta ba.

Muna cikin sati na uku na haɗu da ita a matakala, tana riƙe da ledar magunguna.

"Malam Nata'ala, tsaya. Jiya na kai hoton ƙirjinsa wurin daktor."

"Me ya ce?"

"Ya ce mu ba shi duk abin da yake so ya ci." Ta gyara mayafinta. "Sati biyu, uku in Allah ya so. Bai sani ba. Ko kuma ya sani, wa ya san masa."

Na lissafa a raina, sati uku da kwana biyu suka rage mana. Ran nan da na shiga, na ajiye ladabi a bakin ƙofa.

"Baba, don girman Allah, mu tsallake. Ko larura tana halatta abin da aka hana. Ka bar ni in hura na sama sau ɗaya tak."

"Larurar taka ce ko ta katako?"

"Taka ce!"

"Katako bai san ina ciwo ba."

"To in ta tsage fa, sai me? Ai ka ji ta."

"In ji ta sau ɗaya ta mutu tare da ni? Shekara biyu na yi don in sassaƙa abin binnewa?" Ya tsaya ya nemi numfashi. "Yalla, sa a hammata. Sha biyar yau."

Wallahi na ji kamar in jefa masa agogon nan ta taga. Ban taɓa ganin taurin kai irin na tsohon nan ba. Mutum na bakin kabari yana jayayya a kan minti.

Sai watan Oktoba ya zo da baƙin hayaƙinsa, wanda ke rufe Alƙahira duk shekara in manoma suka cinna wa karan shinkafa wuta. Masu lafiya ma tari suke, balle shi. Wata Asabar da hantsi numfashi ya gagara, ni da bawwab, mai gadin gidan, muka sauko da shi a kan kujera hawa huɗu. Muna cikin sa shi a tasin da za ta kai shi asibiti ya damƙe mini hannu.

"Sati na huɗu... minti ashirin. Na ƙasa da na tsakiya. Kar ka fasa."

"Ba zan fasa ba, Baba."

Afra ta bar mana makulli. Na dawo na tsaya a gaban sarewar, sai wata dabara ta faɗo mini, na kuma ji daɗin kaina ƙwarai. Mu ɗalibai ai mun san yadda ake yi da manhaja in lokaci ya ƙure. Littafin da malami ya tsara a karanta cikin wata tara, mu a kwana goma muke haɗiye shi kafin jarrabawa, mu kuma ci. Na zauna na tara mintocin da suka rage na sati uku, na raba su kwana huɗun da aka ce zai yi a asibiti. Ya kama awa biyu da 'yan mintoci a rana. In an sallamo shi, sai in miƙa masa sarewa da ta gama karatunta.

Humaira ta gan ni zan hau rufin gida da ita a naɗe cikin tawul.

"Malam, shi ya ce ka yi haka?"

"Ba sai ya ce ba. Mintocin dai ake so su cika."

"In ka ba Rukayya nonon sati guda a zama ɗaya, ta ƙoshi har sati ke nan?" in ji ta, tana gyara goyon jaririyarmu.

"Ke ba ki san ƙa'ida ba," na ce, na wuce abina.

A rufin, tsakanin tankunan ruwa da farantan satalayit, na hura bayan azahar, na hura bayan la'asar. A ranar farko zuciya ta ɗebe ni, na lanƙwasa babban yatsa na hau sama. Suka fita, ɗaya bayan ɗaya, har na ƙarshe. Rana ta biyu ma haka. A ta uku na ji muryar ta fara dishewa, na ce ƙila hayaƙi ne, na ƙara ƙarfin hurawa. A ta huɗu na sama suka ƙi fita sam, na ƙasa kuma suna fitowa da gurnani kamar mai mura. Na sha jinin jikina. Na goge ta, na mayar kan turkenta, na yi ta addu'ar ta warware kafin ya dawo.

Ranar Laraba aka sallamo shi da tulun iskar numfashi da roba a hanci. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa. Ko ruwa bai sha ba ya ce a miƙo masa ita. Ya shafa bakinta da ɗan yatsa, ya sansana, sannan ya ɗaga ta saitin taga ya leƙa ta hanyar iskar da ido ɗaya. Ya daɗe a haka.

"Awa nawa?"

"Baba..."

"Awa nawa, ya Shehi?"

"Biyu a rana. Na so ne in..."

"Zo ka leƙa."

Na leƙa. Wani ɗan haske ne a gefe guda, sauran duk duhu.

"Da zare ne miƙe, daga gefe zuwa gefe. Toshen ya sha ruwa ya kumbura, ya matse mata maƙogwaro." Ya ajiye ta a kan bargo. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. "Da hannuna na da, sai in fitar da shi in kankare. Duba hannun."

Ya ɗaga, yana rawa kamar ganye.

"To nuna mini, ni in kankare."

"Kai?" Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. "Kaurin gashi ɗaya ake cirewa. In ka wuce, khalas. A'a. A bar ta ta bushe da kanta. In hasken ya dawo, an ci sa'a."

"Kwana nawa?"

"Ita ta sani."

Afra na tsaye a bakin ƙofa. Na fita ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Sauri ya haifi nawa, ni kuma na yi masa ungozoma. Humaira ta dube ni, ta zuba mini abinci. Ban iya ci ba.

Daga nan aikina ya koma leƙe. Kullum bayan la'asar in shiga, in ɗaga sarewar saitin taga, in gaya masa abin da na gani. Na kawo shawarar a sa ta a rana, ya ce za ta tsage. Na ce a kunna mata fanka, ya ce za ta tsage. Na aro na'urar busar da gashi wurin wata maƙwabciya, da ya gan ta a hannuna ya juya fuskarsa bango, bai ƙara kula ni ba ran nan. Haushinsa nake ji, haushin kaina nake ji, har itacen zaitun ɗin haushinsa nake ji. Karatu kuwa ya tsaya cak, sai in zauna da littafi ina ta maimaita layi ɗaya.

"Yau fa?"

"Ya ƙaru kaɗan, Baba. Ya kusa rabi."

"Kar ka yi mini ƙarya."

"To, sulusi."

A kwana na takwas na same shi ya zame daga matashi, maganarsa ba ta fita sai an sunkuya. Afra ta daina zuwa aiki, tana zaune a ƙasa tana jiƙa masa leɓe da auduga. Na leƙa sarewar, hasken ya wuce rabi amma bai kai ba.

"Baba, bari in gwada haka nan. Ko da dishi-dishi ne."

Ya girgiza kai.

"Yaba, ka bar shi ya hura mana," in ji Afra, haka take kiran mahaifinta. "Don Allah. Me ya rage?"

"Ba muryarta ba ce." Ya yafito ni da yatsa, na durƙusa a gefen gadon. "Ya Shehi. A rufin... ka hau sama?"

Na sunkuyar da kai. Laifin da ban faɗa masa ba ke nan.

"Na hau, Baba. Ka yafe mini."

"Sun fita?"

"Sun fita."

"Duka? Har na ƙarshe?"

"Har na ƙarshe."

Ya lumshe ido, ya buɗe. "Yaya take?"

Ni da nake iya tsayawa awa guda ina bambance illa da hikima a gaban malamai, na nemi kalma ɗaya na rasa. Abin da ya shekara biyu yana nema ya shiga kunnena, kunnen da bai san darajarsa ba, ga shi yanzu yana roƙona in ba shi labari.

"Tana da daɗi," na ce.

"Daɗi." Ya yamutsa fuska. "Basbusa ma, alkakin Misirawa, tana da daɗi. Ta yi ƙara? Ta tsaga kunne?"

"A'a. Ba ta tsaga ba. Ta yi siriri, amma ba ta yi kaifi ba. Kuma ban yi wahala ba, da na lanƙwasa yatsa sai ta hau da kanta."

"Na ƙarshen bai faɗo ba? Bai karye ya dawo ƙasa ba?"

"Bai faɗo ba. Na riƙe shi har numfashina ya ƙare." Sai na tuna wani abu. "Akwai wata mata a rufin da ke kallon namu, tana shanya. Ta tsaya da rigar yaro a hannu, ba ta shanya ba sai da na sauke."

"Bamisiriya?"

"Bamisiriya."

"Ba ta zage ka ba?"

"Ba ta zage ni ba."

"Tamam," in ji shi. "Su da ba sa raga wa kowa." Ya rufe ido har na ɗauka barci ya yi. Can ya ce, "Yi mini da baki."

Na tattara leɓe na yi fito, iyakar ƙoƙarina. Abin da ya fito ko tantabarun unguwar ba za su amsa shi ba. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni.

"Allah ya sawwaƙe. In haka take, gara da ban ji ba."

Afra ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ta tashi ta shige kicin. Ni ma na kasa riƙewa. Na kama hannunsa na ce ya yafe mini, ya ce ma'alish, ya yafe, amma in na kuskura na kusantar da abin busar da gashin nan, bai yafe ba duniya da lahira.

Washegari Juma'a da hantsi, ina shirin wanka, Afra ta ƙwanƙwasa mana ƙofa sau biyu a hankali. Da na buɗe sai ta matsa gefe ta ba ni hanya. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta riga ta cire masa robar hancin, ta rufe tulun iskar, ɗakin ya yi tsit.

Ni da wasu dattawa biyu 'yan Sudan muka yi masa wanka. Aka sallace shi bayan Juma'a a masallacin bakin layinmu, Misirawan unguwa da ba su taɓa sanin sunansa ba suka cika sahu uku. Muka kai shi wata maƙabarta can bayan gari a cikin motar haya, muka dawo da ƙura har gira.  Wani abokin karatuna ya tambaye ni sana'ar marigayin, na ce kafinta ne.

Da muka iso, mata sun koma ɗakinmu wurin Humaira don ya fi faɗi. Afra ta ce in shiga nasu in kwashe tulun iskar, masu shi za su zo ɗauka. La'asar ta yi sanyi. An naɗe katifar an jingine ta a bango, gadon ya rage ƙarfe tsirara. Na sunkuya zan ɗauki tulun, sai na fasa, na je bakin taga.

Na ɗaga sarewar, na rufe ido ɗaya. Hasken ya fito siriri, miƙe, daga wannan gefe har wancan.

Na tsaya da ita a hannu. A ƙasa mai sayar da gas yana ta buga tulunsa da ƙarfe, yana wucewa.